Kazinon da Baffa Yake Nufi

Bayan rasuwar Inna, matarsa, Baffa ya daina cin abinci. Ba rantsuwa ya yi ba, ba kuma azumi ba ne. Sai a kawo masa faranti ya dube shi kamar an ajiye masa takalmin wani, ya kai loma ɗaya ko biyu don a ƙyale shi, ya juya fuska bango. Mutumin da a da yake gamawa da kan rago shi kaɗai ranar Juma'a, ya koma in ka ɗaga shi daga gado zuwa keken guragu kamar ka ɗauki naɗaɗɗiyar tabarma. Likitoci suka duba sama da ƙasa, suka ce ciwon sukarin nan nasa ne na da, ƙafafun ma na da ne, sabon ciwo babu. Wani a cikinsu ya ce in aka ci gaba a haka, sai an zura masa roba ta hanci ana ɗura masa abinci. Baffa ya ji da kunnensa. Ya ce duk wanda zai kawo masa roba, ya fara zuwa ya haƙa kabari tukuna.

Baffa ƙanin mahaifina ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Tare suka iso Madina daga Chadi suna samari. Lokacin da ake ba mutane takardar zama 'yan ƙasa, mahaifina ya koma gida binne tsohuwarsu, Baffa yana nan. Iyakar bambancin ke nan. 'Ya'yan Baffa suka tashi da ofis da gida a unguwar Bani Harisa, ni na tashi da iƙama, takardar zaman baƙo, da fasfon ƙasar da ban taɓa gani ba, ina tuƙa musu mota. In akwai buhun shinkafa da za a hau da shi bene, ni ɗan'uwa ne, har da dafa kafaɗa. Ranar walima kuwa, in baƙi suka tambaya, direba ne. Baffa kaɗai bai taɓa canza mini suna ba. Shi tun ina yaro “ɗan nan” yake ce mini, ko “jaki” in ransa ya yi daɗi, ga shi har na yi furfura.

Babban ɗansa ne ya kawo shawarar tafiya. Canjin iska, in ji shi. Lokacin zafi ne, Madina tana dafa mutum da ransa, rabin unguwa sun tafi ƙasar Jojiya, zuwa wani gari a bakin teku da ake kira Batumi. Aka yanki tikiti, shi da matarsa da yaransu da Baffa. Ni aka tafi da ni saboda ni ne mai ɗagawa da yi masa wanka. Autar Baffa, wadda ita kaɗai a cikin 'ya'yansa take mayar masa da amsa da Hausa, ba ta samu zuwa ba, tana da tsohon ciki. Ita ta haɗa wata 'yar jaka ta rataya a bayan keken: ganyen shayi, sukari, busasshiyar na'ana'ar Madina, dabino, ƙaramin barradi na dafa shayi da finjalai. Kullum da safe ina haɗa masa, kullum yana barinsa ya huce.

Garin yana da kyau, ba zan yi ƙarya ba. Kore ko'ina, ruwan sama yana zuba ba sallama. Amma garin caca ne. Mutanenmu in sun dawo sai su yi ta labarin duwatsu da gajimare, ba mai faɗin cewa duk inda ka waiwaya akwai dogon bene mai fitilu, da ƙarti masu baƙar kwat a bakin ƙofa. An rubuta sunan abin da haruffa iri-iri, har da na Larabci, don kada wani namu ya ɓata hanya.

Iskar dai an canza ta, cikin Baffa bai canza ba. Matar ɗan ta dafa miya, ta dafa kunu, ta sayo kifi. Da an zauna sai idanu su taru a kan cokalinsa. “Abuya, ƙara ɗaya. Abuya, don Allah, don mu.” Har jikoki aka koya musu su tafa in ya haɗiye. Shi kuwa sai ya ture kwanon ya ce a mayar da shi bakin taga.

Wata rana da hantsi suka tafi hawan dutse a cikin irin motar nan da take tafiya a kan igiya, suka bar mu mu biyu. Yana zaune yana kallon teku, ni ina wanke finjali, sai na ji ya ce:

“Ɗan nan, akwai kazino a garin nan?”

Na tsaya da finjalin a hannu. Tun ranar da aka kai Inna, Baffa bai nemi komai ba, ko ruwa sai an miƙa masa.

Yaran yanzu ba su san wannan kalma yadda muka san ta ba. A Jiddar da, kazino wurin shan iska ne a bakin teku ko a bayan gari. Rumfa, dogayen kujerun igiya, shayi a barradi, soyayyen kifi, iyali a gefe guda maza a gefe guda. Baffa ya yi shekaru yana tuƙa motar alhazai tsakanin Jidda da Madina, kuma in aikin Hajji ya ƙare yakan kwashi Inna da yara ya kai su. Ni ma an taɓa cusa ni a bayan mota sau ɗaya, na ci kifi har na yi amai. Ba wai ban san akwai na caca ba, ina kallon fim. Sai dai na yi lissafi irin nawa: kamar otal ne, akwai na cin tuwo, akwai na shashanci, suna dai ɗaya. Waɗancan dogayen masu fitilu na shashanci ne. A garin da kazino ya yi yawa haka, ai ba za a rasa na shayi ba.

Na ce, “Akwai, Baffa. Sun fi masallatai yawa.”

“To kai ni.”

Na sa masa farar jallabiya da hula, na ɗaure masa rawani a kafaɗa, na sauko da shi. Na tare tasi. Direban ba ya jin Larabci, ni ba na jin nasa, sai muka koma yaren kurame. Na ce kazino. Ya nuna mini wani dogon bene. Na girgiza kai, na matse yatsu na nuna ƙarami, na nuna gemun Baffa na nuna tsoho, na juyo aljihuna waje na nuna na talakawa. Sannan na yi kamar ina kurɓar shayi. Ya fashe da dariya, ya ce, “Cai, cai!” wato shayi da yarensu, yana gyaɗa kai kamar ya gane har cikin ransa.

Muka bar bakin teku, muka bi ta bayan wata kasuwa, muka shiga lungu mai ramuka cike da ruwa. Ya tsaya a gindin wani tsohon otal da fenti ya gama ɓarewa, an shanya wanduna a barandarsa. Ga allo nan a saman wata ƙofa, rabin fitilunsa sun mutu. A bakin ƙofar akwai kujerun roba da wata kyanwa tana barci a kan ɗaya. Wallahi da na ga kujerun nan sai hankalina ya kwanta.

Baffa ya ce, “Ina tekun?”

“Wataƙila ta baya yake.”

Matakala ce take gangarawa ƙasa. Na goya shi a baya, mai gadin wurin, wani ƙato da kwat ɗinsa ta yi masa kaɗan, ya biyo mu da keken. A ƙasa ya nemi fasfo.

“Shayin ma sai da fasfo?” in ji Baffa.

“Ƙasar Turawa ce, Baffa. Ko banɗaki sai da takarda.”

Aka ɗaga wani labule mai nauyi, na tura keken ciki.

Babu taga ko ɗaya. Jar darduma ce a ƙasa, ta cinye har zare ya fito a inda ƙafa take bi. Warin tsohon hayaƙin taba da laima. A tsakiyar ɗakin an ajiye bokiti, ruwa yana ɗiga daga rufi. Jikin bango kuwa injuna ne a jere, rabinsu fuskarsu baƙi ƙirin an manna musu takarda, masu ran suna ta kiɗa irin na kayan wasan yara. Can ciki ga tebur mai koren ƙyalle da faifan nan mai juyawa, wata dattijuwa mai baƙar falmaran tana zaune a bayansa tana saƙar safa. Masu wasa ba su fi a ƙirga da hannu ɗaya ba, kowa ya ba mu baya.

A nan na gane gidan caca ne. Wannan tsoho da na turo, akwai ginshiƙin da aka san shi da shi a Harami, shekara da shekaru nan yake jingina tsakanin magariba da lisha. Shi na kawo nan, da farar jallabiya, da carbi a hannu.

Idon Baffa ba ya gani daga nesa. Ya ce, “Wannan kiɗan fa?”

“Injin sayar da lemo ne.”

“Matsa da ni.”

Na matsa da shi, me zan yi. Ya kai fuskarsa dab da gilashin. Ga lemo da kankana da inabi suna gudu, su tsaya, su sake gudu. Ya sa yatsa ya shafa ramin da ake zura kuɗi.

“Ɗan nan.”

“Na'am, Baffa.”

“Ubanka ya kai ni wurare da dama. Ya taɓa ja na tafiyar yini zuwa rijiya, muka tarar babu ruwa. Amma Allah Ya jiƙansa, bai taɓa kai ni gidan caca ba.”

Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Na ɗauka kuka ne. Ashe dariya ce, irin wadda ta daɗe a rufe, tana fitowa da tari da hawaye. Ya riƙe hannun keken yana cewa, “Jaki! Jakin Allah! Duba da kyau, ko babban ɗana yana ciki.”

“Wurin nan bai kai matsayinsa ba, Baffa.”

Wannan ta ƙara tayar da tarin. Na juya keken zan fita da shi, ya buge mini hannu.

“Ina za ka? Na hau bayanka kamar buhun gawayi na sauko, sai in fita ban sha komai ba?”

Hayaniyarmu ta sa wani tsoho ya taso daga gaban injinsa. Siriri ne, gashin bakinsa ya yi rawaya saboda taba. Ya yi mana sallama da Larabci, kuma Larabcin Jidda sak. Ashe Baturke ne, ya yi shekaru yana aski a can kafin ya koma gida, yanzu, da yake ƙasarsu tana maƙwabtaka da garin, yakan tsallako iyaka ya zo nan. Ya tambaye mu daga ina muke. Da na ce Madina, sai ya ɓoye tabar a bayansa kamar yaron da malami ya kama, ya goge hannu a wando, ya kama hannun Baffa zai sumbata.

“Ya Hajji, me ya kawo ka irin wannan wuri?”

Baffa ya nuna ni da haɓa. “Wannan.”

Na yi masa bayani. Kafin in gama ya zauna a ƙasa yana buga cinya. Ya juya ya faɗa wa dattijuwar da yarensu na kasuwa, ta ajiye saƙa ta rufe baki, mai gadi ma ya leƙo. Kowa ya samu abin dariya a kaina, ban kuma damu ba, tunda har da Baffa a ciki.

“Kazino na shayi!” in ji Baturken. “Wallahi na san su. Kujerun igiya, in ka tashi bayanka duk zane. Fitilar gas tana huci. Ka ce a kawo maka barradi mai kofi huɗu, sukari a gefe.”

“Baƙi,” in ji Baffa. “Kada ya yi ruwa-ruwa.”

“Da kifi a kan takarda!”

“Da tsamiya. Kai, kai mutumin kirki ne. Me kake yi a nan?”

Baturken ya ɗaga kafaɗa. Ya ce gida babu kowa, a nan kuwa in bai zo ba ana tambaya.

Dattijuwar ta aika aka kawo shayi a tire, wai kyauta ne ga duk wanda ya shigo. Baffa ya dafa ƙirji ya yi godiya, ya ce a mayar.

“Shayin gidan nan da hawayen wani aka saye shi,” ya ce mini da Hausa. “Ka ce su ba mu ruwan zafi kawai. Ruwa na Allah ne, wuta ma tasa ce.”

“Wutar lantarki ce, Baffa. Da kuɗin cacar suke biya.”

“Rufe mini baki. Yaushe ka zama mufti? Sauko da jakar nan.”

Aka jawo mana wani ɗan tebur daga ɗakin ma'aikata, don Baffa ya ce ba za a ɗora finjalinsa a kan koren ƙyalle ba. Na haɗa shayi yadda na saba haɗa masa kowace safiya. Ya ɗaga murfin, ya shinshina, ya ce in zubar a bokitin da ke tsakiyar ɗaki.

“Wannan ruwan wankin kwano ne. Watanni kana ba ni shi ina yin shiru.”

“Da ka faɗa ai.”

“Ga shi na faɗa. Ɗauraye barradin da ruwan zafi tukuna. Ba haka ba, juya shi. Ganye cikin tafi, ba da cokali ba, kai ba likita ba ne. Na'ana'a ba a dafa ta, jaki, a ƙarshe ake sawa. Rufe da rawanina.”

Na rufe barradin da rawaninsa, muka zauna muna jira kamar masu jiran liman. Da ya ɗaga, ƙamshin ya tashi. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu sayar da na'ana'a a hanyar Uhudu ya san abin da nake nufi. Ƙamshin nan ya bi ta kan warin taba da laima ya cika ɗakin. Wani mai wasa da ko kallonmu bai yi ba tun shigowarmu ya waiwayo yana buɗa hanci.

“Kira su duka,” in ji Baffa. “Har mai ƙaramar kwat.”

Na miƙa hannu zan zuba, ya ce in ajiye. Shi ya zuba. Bakin barradin yana buga finjali, kaɗan ya zube a tebur, amma bai bari na taɓa ba. Ya fara daga dama, kamar yadda ake yi a gidansa lokacin da gidan yake gida. Finjalai ba su isa ba, aka kawo kofunan wurin, ya sa na ɗauraye su sau biyu. Ya kwance ƙullin dabino ya tura tsakiya. Yana ta ba da umarni, wannan a ƙara masa, waccan ba a sa mata sukari ba. Injuna suna can suna kiɗansu babu kowa a gabansu.

Dattijuwar ta kurɓa, ta lumshe ido, ta faɗi wata doguwar magana. Sannan ta tashi ta shiga ciki, ta dawo da wani abu a naɗe cikin tawul. Gurasa ce mai faɗi, an cusa cuku a cikinta, ta ɗumama ta. Baturken ya ce abincin ranarta ne, daga gida ta zo da shi, da hannunta ta gasa, ba na wurin ba ne. Ya rantse babu komai a ciki sai gari da cuku da man shanu da ƙwai. Ta yanka, ta ajiye wa kowa a gabansa, ta ajiye wa Baffa mafi girma.

Ba wanda ya taɓa. Mai gadi ya haɗe hannu a ciki, dattijuwar tana tsaye.

Baturken ya ce, “Ya Hajji, kai ne babba, kuma shayinka muke sha. Ba mai sa hannu sai ka sa.”

Ni dai na juya na ƙura wa wani inji ido, kamar kankanar da ke gudu a ciki ita ce damuwata a duniya. Na ji ya yi bisimilla. Na ji gurasar ta yage. Sai sauran suka sa hannu, hira ta ci gaba, ba wanda ya ce ƙara ɗaya, ba wanda ya tafa. Su ba su san komai ba. A wurinsu tsoho ne yake cin gurasa.

Da na waiwayo, rabin nasa ya tafi, cuku yana ja daga bakinsa zuwa yatsunsa.

“Gishiri ya yi yawa,” ya ce mini. Ya miƙa hannu ya ɗauke nawa.

Ya ce wa Baturken, “Gaya mata hannunta yana da albarka. Ka ce na san wata mai irin wannan hannu.” Da aka fassara mata, ta dafa kafaɗar Baffa. Na zaci zai janye, mace ce ba muharramarsa ba. Bai janye ba, ya dai sunkuyar da kai ya ci gaba da tauna.

Aka sake haɗa barradi na biyu. Baturken ya matso, ya rage murya.

“Ya Hajji, kai maƙwabcin Annabi ne. Yi mini addu'a. Injin can ya daɗe yana cin nawa, ko sau ɗaya in rama.”

Baffa ya goge hannu, ya ɗaga su sama da gaske. Ya roƙi Allah Ya ba wannan bawa lafiya, Ya cika masa gida da mutane, Ya mayar da shi Madina ziyara. Baturken yana ta amin da ƙarfi. Sannan ya ce, “Allah Ka lalata injin can, Ka sa a rasa mai gyara.”

Amin ɗin ta fito ƙarama.

“Ban ji ba,” in ji Baffa.

“Amin, ya Hajji, amin. Ka kashe ni.”

“Ka riƙa zuwa da shayinka ka zauna da mutane. Ɗan nan, ba shi sauran na'ana'ar. Ka raba biyu, rabi na baiwar Allah nan.”

Can ya tambaye ni lokaci, tunda wurin babu taga babu agogo. Na duba waya na ce la'asar ta kusa.

“Tashi mu tafi. Kada ta same mu a nan mala'iku su rubuta adireshi.”

Mai gadi bai bari na goya shi ba, shi ya ɗauke shi cak kamar jariri ya hau da shi. Dattijuwar ta biyo mu har waje, ta cusa sauran gurasar a jakar keken. Ruwa ya ɗauke, lungun yana sheƙi. Baturken ya tsaya a bakin ƙofa yana ɗaga hannu har muka sha kwana, ban san ko ya koma wurin injin ba. Ina jin ya koma.

Muna cikin tasi sai ga wayar auta daga Madina. Ta gaishe ni a gurguje, muryarta irin ta wadda ta san amsar da za a ba ta.

“Yaya, Baba ya ci kuwa yau?”

Na ce, “Ya ci.”

Ta ce, “Da gaske? Kada ka faɗa don ka kwantar mini da hankali.”

Baffa ya fizge wayar. “Na ci mana. Duk gidan ni kaɗai na ci, sauran asara suke yi.”

“Wane gida, Baba?”

“Ke dai ki kula da cikinki.” Ya miƙo mini wayar yana dariya ƙasa-ƙasa, ita kuma tana can tana kuka tana hamdala.

Da yamma masu hawan dutse suka dawo a gajiye, yara suna ta surutu. Suka tarar da shi a falo, ba a bakin taga ba. Babban ɗan ya sumbaci kansa, ya tambaye shi da Larabci yadda ya yini.

“Mun fita,” in ji Baffa.

“Masha Allah! Ina kuka je?”

“Kazino.”

Matar ta saki ledar da ke hannunta. Ɗan ya juyo ya dube ni, ni kuwa na duƙufa ina gyara tayar keke da babu abin da ya same ta.

“Mun sha shayi,” in ji Baffa. “Da na'ana'a.”

Sai ɗan ya sauke numfashi, ya yi murmushi irin na masu ilimi. Ya durƙusa a gaban uban, ya riƙe hannunsa.

“Abuya, gahawa kake nufi, wurin shan shayi. Wannan kalmar ta zamanin da ce. Don Allah kada ka faɗe ta a garin nan, a nan ma'anarta daban. Wurin caca ne.”

“Ashe?” in ji Baffa. Ya dube ni. “Ka ji, ɗan nan? Sai mu kiyaye.”

“Za mu kiyaye, Baffa.”

“To. Me aka dafa?”

Shinkafa ce da kaza. Ya ce a zuba a babban tire a shimfiɗa a ƙasa, ba ya son kwanon marasa lafiya, kuma duk wanda ya kalli bakinsa zai tashi. Na sauko da shi na jingina shi da matashi. Bai ci da yawa ba, amma ya ci, har ya ɓare cinya ya tura gabana, ya ce wa matar ɗan shinkafarta ta sha ruwa. Ta ji daɗin wannan zagi fiye da duk yabon da aka taɓa yi mata.

Da muka koma Madina, kowa ya yi ta yabon canjin iska. Babban ɗan ya ba da labarin a majalisu da dama, yadda shawararsa ta yi aiki, har wasu suka kwashi tsofaffinsu suka tafi. Ni ba wanda ya ce mini sannu, ban kuma sa rai ba. Jikin Baffa bai koma kamar da ba, kan rago ya fi ƙarfinsa yanzu. Amma robar hanci ba ta shigo gidan ba. Bayan la'asar yakan sa in fitar da shi ƙofar gida da ɗan tebur da barradi, ya tare duk wanda ya gifta, mai shara ne ko mai kawo gas, ya zaunar da shi, ya zuba masa da hannunsa, a ci abin da ya samu. Ni aikina ɗauraye finjali da shan zagi. Har yau bai yarda na iya sa na'ana'a ba.